Madugu Uban Tafiya: Halayen Shugaba a Lokacin da Kasuwa ta Rikice

1.0 Gabatarwa

 Kafin in shiga bayani, ya kamata in sanar da ku cewa ni ba a nono na sha Hausa ba. Iyayena mutanen jihar Kogi ne, a Kubwa aka haife ni, kuma 'yar Hausar da nake taƙama da ita a yau rabinta a aji na same ta, rabinta kuwa a kasuwa, a shagon wani dattijo Bakano mai sayar da hatsi a nan Abuja, wanda nake yi wa yaron shago duk lokacin hutu. Ba mutum ne mai son a yayata shi ba, don haka a wannan maƙala Alhaji kawai zan riƙa kiransa.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wani aikin gida da aka ba mu a darasin ginin kalma, kan harɗaɗɗun sunaye. Ina cikin tattara misalai sai na ci karo da kalmomi uku: shugaba da jagaba da jagora. Da na warware su, sai suka tuna mini abin da na gani da idona a shekarar 2023, lokacin da takardun kuɗi suka yi ɓatan dabo, man fetur kuma ya tashi. Tambayar da maƙalar za ta yi ƙoƙarin amsawa ita ce: wane hali ne ke sa wani ɗan kasuwa ya fita da jarinsa da mutanensa idan kasuwa ta rikice, alhali maƙwabcinsa ya karye? Amsar da na samu a taƙaice ita ce, shugaba na ƙwarai bai san gobe ba, kamar yadda kowa bai sani ba. Abin da ya iya shi ne ya sauya hanya ba tare da ayarinsa ya watse ba.

2.0 Abin da kalmomin kansu ke faɗa

Masana ginin kalma sun nuna mana cewa "shugaba" harɗaɗɗen suna ne daga "shiga" da "gaba", wato wanda ya shiga gaban jama'a. Haka nan "jagaba" daga "ja" da "gaba" take, wato mai jan mutane zuwa gaba. Ita kuwa "jagora" daga "ja" da "gora" aka gina ta, wato sandar nan da ɗan jagora ke riƙewa yana jan makaho. Duk ukun tsarinsu ɗaya ne: aikatau a farko, wata kalma ta biyo baya, kamar yadda muke gani a "fasa-ƙwauri" da "share-fage". Daga gare su ne kuma aka tsirar da "shugabanci" da "shugabanta", da "jagoranci" da "jagoranta".

Abin lura a nan shi ne, a cikin kalmomin nan babu maganar kujera, babu maganar ofis. Duk maganar tafiya ce. Ashe ke nan Bahaushe ya ɗauki shugabanci a matsayin tafiya a kan hanya. Wanda ya shiga gaba shi ne ke fara cin karo da ƙaya da raɓa da maciji. Wanda ya ja gora kuwa yana jan mutumin da ba ya ganin hanya, wanda ya sallama masa ƙafafunsa bisa yarda.

Akwai kalma ta huɗu da ta fi waɗannan kusa da kasuwanci, wato "madugu", jam'inta "madugai". Madugu shi ne shugaban ayarin fatake, ana kuma yi masa kirari da "uban tafiya". Domin mu fahimci aikinsa, sai mun ɗan koma tarihi.

3.0 Darasi daga ayarin goro

Tun daga ƙarni na 18 har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, fatake daga Kano da Katsina da sauran garuruwan ƙasar Hausa sukan tafi Gwanja, a arewacin Gana ta yanzu, domin sayo goro. Babbar kasuwar goro a ƙarni na 19 ita ce Salaga. Sukan tafi da kanwa da rinannun tufafi da kayan fata da gabu da dabbobi, su dawo da huhunan goro a kan jakuna da kawunan 'yan alaro. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan fatauci, kamar yadda masanin tarihi Paul Lovejoy ya bayyana a littafinsa kan ayarin goro da aka buga a Zariya a 1980.

Wannan tafiya cike take da rashin tabbas. Zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa, wani lokaci har kusan shekara. Ga 'yan fashi a daji, ga koguna da sai an biya fito kafin a ƙetare, ga sarakunan kan hanya masu karɓar garama, ga yaƙi da kan iya tashi ya toshe hanyar da aka bi bara lafiya. Shi kansa goron kaya ne mai saurin lalacewa: sai an riƙa kwance huhu ana dubawa, ana yayyafa ruwa, ana sauya ganye, ana tsince wanda sankara ta kama don kada ya shafi sauran.

Saboda haka ayari ba ya tafiya kara zube. Jagaba yana gaba, yana duba hanya da neman labarin abin da ke tafe. Uban dawaki yana tattara kuɗin da za a biya a kan hanya daga hannun fatake. Akwai malamin ayari mai rubutu da lissafi da addu'a. Shi kuwa madugu, wanda ke yanke shawarar hanyar da za a bi da zangon da za a sauka, yake kuma sasantawa da sarakuna, galibi a bayan ayari yake tafiya, inda gajiyayyu da marasa lafiya suke. Wannan ya ba ni mamaki da na fara karantawa. Babban kowa, amma shi ne a ƙarshe! Daga baya na gane cewa aikinsa shi ne ya tabbatar ba a bar kowa a daji ba.

A shekarar 1892 yaƙin basasa ya ɓarke a Salaga, kasuwar ta watse, fatake suka bazu zuwa Kete Karachi da wasu garuruwa, daga baya kuma Kumasi. Bayan 'yan shekaru Turawa suka ci ƙasar, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, zamanin ayarin jakuna ya kama hanyar ƙarewa. A nan ne labarin Alhassan Ɗantata ya zama abin nazari. An haife shi a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa, ya kuma tashi cikin fataucin goro. Yana cikin 'yan kasuwar Arewa na farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar tekun Gana zuwa Legas maimakon bin tsohuwar hanyar ƙasa. Da kasuwar gyaɗa ta buɗe a Kano daga 1912, Turawa suka rasa yadda za su kai ga manoman ƙauye sai ta hannun tsofaffin fataken goro irin su Umaru Sharubutu Ƙoƙi da Maikano Agogo. Shi ma Ɗantata ya shiga sayen gyaɗa, har ya zama babban mai saya wa kamfanonin Turawa. An ruwaito cewa da banki ya buɗe reshe a Kano a 1929, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. Ya rasu a 1955.

Haja ta sauya daga goro zuwa gyaɗa, hanya ta sauya daga jaki zuwa jirgi, amma abin da ya ɗauko daga tsohon fatauci bai sauya ba: yara amintattu a garuruwa daban-daban, da sanin manoma, da cika alkawari. Wannan shi ne jarin da Turawan ba su da shi.

4.0 Abuja da shekarun rashin tabbas

Yanzu bari mu dawo gida. Ɗan kasuwar Abuja ba ya bin daji da jaki, amma a 'yan shekarun nan ya ga irin nasa 'yan fashin da nasa kogunan. A watan Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020. A ranar 30 ga Maris 2020 aka kulle Abuja da Legas saboda annobar korona.

A ranar 26 ga Oktoban 2022 gwamnan Babban Bankin Nijeriya na wancan lokaci, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fara yawo a ranar 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki a ranar 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu. Jama'a suka mayar da tsofaffin kuɗi banki, sababbin kuwa suka yi ƙaranci ƙwarai. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin har ƙarshen shekarar, sannan a watan Nuwamba ta cire wa'adin gaba ɗaya.

Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba, sai a ranar 29 ga Mayun 2023, a dandalin Eagle Square da ke nan Abuja, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cewa tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma 537 a Abuja cikin kwana biyu, ta kai 617 a watan Yuli, ta haura 1,000 a Oktoban 2024. A tsakiyar watan Yunin 2023 kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa: dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024.

Ba manufata ba ce in yanke hukunci kan waɗannan matakai, wannan aikin masana tattalin arziki ne. Abin da ya shafe mu shi ne, mai shago a Wuse ko Utako ko Kubwa ba shi ya tsara su ba, tashi kawai ya yi da safe ya tarar da su. Masu iya magana sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. To, a waɗannan shekaru miya ta ƙare.

5.0 Halaye biyar da na gani

5.1 Neman labari

Hali na farko shi ne na jagaba, wato neman labari tun kafin a isa wurin. Kullum da sassafe, kafin mu gama share gaban shago, Alhaji ya riga ya buga wa dillalinsa waya a kasuwar Dawanau ta Kano, ya ji yadda masara da gero da wake suka kwana. Ya buga wa direban da ke kawo mana kaya, ya ji halin da hanya ke ciki. Rediyonsa kuwa ba ya rabo da ita. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya jin kunyar tambayar na ƙasa da shi. Ranar da aka yi sanarwar sauya kuɗi, ya kira ni a waya ina makaranta ya ce, "Ɗan boko, karanta mini abin nan da kyau, ka faɗa mini da Hausa, kada ka rage kada ka ƙara."

Da yawa daga cikin maƙwabtanmu cewa suka yi ai maganar gwamnati ce, za a ɗage. Alhaji bai yi musu da kowa ba. Tun daga watan Nuwamba ya fara kai tsofaffin kuɗinsa banki kaɗan-kaɗan, lokacin da babu layi. Da Janairu ta zo, mutane suna kwana a ƙofar banki, shi yana zaune a shagonsa. Matambayi ba ya ɓata, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

5.2 Sauya hanya, ba sauya hali ba

Alhaji ya shekara sama da talatin yana ciniki hannu da hannu, a ba shi kuɗi ya ƙirga. Bai taɓa yarda da tura kuɗi ta waya ba. Amma da ya ga inda aka dosa, sai ya sa muka karɓo na'urar POS, ya ce a gwada ta mako biyu da ƙananan ciniki, in ta yi kyau a ci gaba. Ku lura da wannan: bai zuba dukiyarsa gaba ɗaya a kan sabon abu ba, bai kuma ƙi shi ba. Ya taɓa ruwan da ƙafa ɗaya kafin ya shiga.

Bahaushe ya ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Manyan kamfanonin duniya ma sun faɗi a kan wannan gaɓa. Wani injiniyan kamfanin Kodak na Amurka ne ya ƙera kyamarar da ba ta bukatar fim tun a 1975, amma kamfanin ya ci gaba da dogaro da cinikin fim ɗin da ya saba, har ya kai kansa kotu a 2012 yana neman kariya saboda karayar arziki. A nan gida kuwa, bayan zuwan wayar salula a 2001, matasa sun riƙa kafa lema a bakin titi ana biyansu a yi kira. Da waya ta shiga hannun kowa sana'ar ta mutu, amma lemar ba ta mutu ba, masu POS suka gaje ta.

Sai dai akwai abin da Alhaji bai sauya ba, wato mudunsa. Lokacin da kaya suka yi tsada, wasu sun bubbuge gindin mudu don ya rage ci, wasu sun gauraya tsohon wake da sabo. Shi kuwa yakan ce, "Ku faɗa wa mutum farashin gaskiya, in ya ga dama ya saya, in bai gani ba ya ce albarka a gaba." Hanya ake sauyawa, ba a sauya hali.

5.3 Amana

A watan Fabrairun 2023 ciniki ya shiga wani irin ƙunci. Masu saye a Abuja kuɗinsu na banki, ba su da na hannu. Manoman ƙauye kuwa ba su san wani abu wai shi tura kuɗi ba, na hannu suke so. Ga layin sadarwa na banki yana ta yankewa, a tura kuɗi da safe ba su shiga ba har dare. Ni da kaina na biya mai POS naira 1,000 don ya ba ni 5,000.

Abin da ya tsare shagonmu a wannan wata ba kuɗi ba ne, amana ce. Dillalin Alhaji na Dawanau ya ci gaba da turo kaya a kan magana kawai, domin a shekarun da suka yi tare bai taɓa saɓa masa ranar biya ba. Shi kuma Alhaji ya buɗe littafi ga matan da ke sayar da abinci, waɗanda suka daɗe suna saye a wurinsa: su ɗauki shinkafa da wake, su biya in kuɗi sun shiga. Amma bai yi haka da ka ba. Kowace ya yanka mata iyaka daidai ƙarfin cinikinta, baƙon fuska kuwa ba ya shiga littafi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma Alhaji ya san cewa bashin da ba shi da iyaka shi ke cinye uwar kuɗi. Da abubuwa suka lafa, matan nan ba su sake kallon wani shago ba.

Darasin a nan shi ne, amana ba ranar wuya ake gina ta ba. Ranar daɗi ake tara ta, ranar wuya a ci.

5.4 Ɗaukar nauyin kuskure

A nan zan ba da labarin da ba na jin daɗin tunawa. Wata ranar Asabar a cikin wannan wata, Alhaji ya fita, ya bar ni a kan ciniki. Wani mutum mai shiga ta kamala ya zo da mota, ya sayi buhun shinkafa biyu, ya ce ya tura kuɗi, ya nuna mini shaida a wayarsa. Saƙo kuma ya shigo wayar shago mai kama da na banki. Da yake a kwanakin kuɗi kan yi jinkiri, ban buɗe asusun na duba ba, na sa aka ɗora masa kaya. Har yau kuɗin ba su shigo ba. Saƙon na bogi ne.

Da Alhaji ya dawo, na durƙusa bakina na rawa na ce, "Baba, Allah ya huci zuciyarka, na yi ɓarna." Ina jiran kora, ko a ce a kira mahaifina ya biya, alhali na san ba shi da halin biya a lokacin. Sauran yaran duk suka yi tsit. Alhaji ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Tashi, ɗana. Ni na kawo sabon abu shago ban kafa masa doka ba. Laifin rabi naka ne, rabi nawa." Buhu ɗaya ya yafe, ɗaya kuma ya riƙa cirewa kaɗan-kaɗan daga abin da yake ba ni har na gama biya. A ranar ya kafa doka: kaya ba sa fita sai mutum biyu sun ga kuɗin a cikin asusu, ko da wane ne mai sayen.

Na daɗe ina tunanin hikimar wannan hukunci. Da ya yafe duka, da ban ji zafin da zai sa in kiyaye ba. Da ya kore ni, da sauran yaran sun koyi darasi ɗaya tak, wato ɓoye kuskure. Shagon da yara ke ɓoye wa maigida kuskure kuwa, maigidan ya zama makaho marar ɗan jagora, domin labari marar daɗi ba zai ƙara iso masa da wuri ba. Shi ya sa ake cewa babba juji ne.

5.5 Tanadi da riƙon mutane

Bayan tashin man fetur, kuɗin ɗauko kaya daga Kano ya ninka, farashi kuma ya riƙa sauyawa kusan kowane mako. A nan na koyi wani lissafi da ba a koya mini a aji ba. In ka sayar da buhu bisa farashin da ka sayo shi ka ɗora riba, za ka ga kamar ka ci riba, amma in ka koma saro wani sai kuɗin su kasa. Don haka dole mai shago ya riƙa duban farashin da zai sake saye, ba wanda ya saya jiya ba. Da yawa sun karye suna tsammanin riba suke ci.

A lokacin Alhaji yana da shago biyu da yara shida. Wata rana da yamma ya tara mu, ya buɗe littafin lissafi a gabanmu, ya ce shago biyu ba za su ɗauku ba. Ya saki ɗaya, ya tattara jarin wuri guda, ya fara ƙulla hatsi a ƙananan leda saboda masu sayen mudu sun koma sayen rabi. Bai sallami kowa ba. Ya ce kowa zai ji jiki, amma daga kansa za a fara, ya ajiye motarsa ya koma shiga ta haya. Wannan shi ne madugu a bayan ayari.

Wani maƙwabcinmu kuwa ya ga farashi na ta hawa, ya ci bashi mai yawa ya cika ɗakin ajiya da masara a 2024, yana jiran ta ƙara tsada. A tsakiyar wannan shekarar gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na ɗan lokaci, sabon amfanin gona ya shigo, a 2025 farashin hatsi ya faɗo. Mutumin ya sayar da asara, masu bin bashi suka yi masa caa. An zuga Alhaji shi ma ya yi haka, ya ce shi ba ya caca da kuɗin mutane, kuma ba ya son arzikin da sai talaka ya kwana da yunwa. Kasada tana cikin jinin kasuwanci, amma shugaba ba ya yin kasadar da in ta ɓaci ba sauran tashi.

6.0 Kammalawa

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk wanda ya karye a waɗannan shekaru ba shi da hali ne. Na san mutanen kirki da suka rufe shago, domin wani ruwan ya fi ƙarfin gwanin iyo. Shi kansa Alhaji da shago biyu ya shiga, da ɗaya ya fito. Amma ya fito da sunansa, da yaransa shida, da dillalinsa, da masu saye a wurinsa. Wanda ke da waɗannan kuwa zai iya sake gini.

A taƙaice, mun ga halaye biyar: neman labari, da sauya hanya ba tare da sauya hali ba, da amana, da ɗaukar nauyin kuskure, da tanadi tare da riƙon mutane. In muka duba da kyau, duk suna ƙunshe cikin kalmomin da muka fara da su. Shugaba ya shiga gaba ya fara ɗanɗana wuya, jagaba ya dubo hanya, jagora ya riƙe amanar wanda ba ya gani, madugu ya tabbatar kowa ya isa zango.

Da yawa daga cikinmu in mun gama karatu kasuwa za mu shiga, wasu kuma fassara ko aikin rediyo, inda za a bukaci mu bayyana wa jama'a al'amuran tattalin arziki da Hausa. Shawarata ita ce, kafin mu ruga aron kalma, mu fara zuwa kasuwa mu saurari dattawa. Kalmomi irin su jari da uwar kuɗi da la'ada da kwantai da sari da kasada suna nan da ransu a bakin masu su.

Ga ɗan aiki ga mai sha'awa. Na ɗaya, a kawo harɗaɗɗun sunaye biyar masu tsarin "jagora", a warware kowanne. Na biyu, a bayyana bambancin da ke tsakanin falke da dillali da ɗan kiri. Na uku, a je kasuwa mafi kusa, a tambayi wani dattijo yadda ya yi a watan Fabrairun 2023, a rubuta amsarsa da kalmominsa, ba da namu ba.

Daga ƙarshe, in an ga kuskure a Hausata a yi mini afuwa a kuma gyara mini, ɗan koyo ne ni.